Idan Gwiwar Hannun Yaro Ta Karye Ta Goce, A Fara Duba Yatsunsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai albarka. Mu wasu likitocin ƙashi ne da ma'aikatan jinya da ke aiki a garin Kaduna. Bazara ta kama, mangwaro ya fara nuna, kuma daga Rigasa har Kawo da Unguwar Rimi yara sun koma kan bishiya da katanga. A irin wannan lokaci karayar gwiwar hannu takan yawaita, ita ce kuma karayar da kuskuren yini ɗaya ke iya nakasa hannun yaro har tsufansa. Shi ya sa muka ga ya dace iyaye da malaman makaranta da maɗora da ma'aikatan ƙananan asibitoci su san yadda abin yake.

Ƙashin damtse idan ya gangaro kusa da gwiwar hannu sai ya baje ya yi faɗi. A daidai nan akwai rami ta gaba da rami ta baya, ƙashin da ke tsakaninsu kuma siriri ne ƙwarai. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 7 gaɓoɓinsa na da laushi, gwiwar hannunsa tana iya miƙewa har ta ɗan zarce. Idan ya faɗo ya tokare ƙasa da tafin hannu, tsinin ƙashin nan da muke dogarawa a kan tebur sai ya shige ramin baya ya banƙare wurin, ƙashin ya ɓalle. Fiye da tara cikin goma na irin wannan karaya, guntun ƙasa baya yake komawa, shi kuwa guntun sama mai kaifi ya yo gaba. Gaban nan kuwa ba fili ba ne. Nan babbar jijiyar da ke kai jini ga hannu ta ratsa, kusa da ita ga jijiyar da ke motsa yatsu. Ƙashin kansa ba shi ne abin tsoro ba, domin ƙashin yaro da wuya ya ƙi haɗuwa. Abin tsoron shi ne abin da kaifinsa zai danne ko ya soke, sai kuma yadda zai haɗu idan an bar shi a karkace.

Tun 1959 wani likitan Amurka mai suna Gartland ya kasa wannan karaya gida uku, har yau kuma da rabonsa ake aiki. Ta ɗaya tsagewa ce, ƙashi na nan a mazauninsa, siminti, wato ɗaurin asibiti mai tauri da ake wa karaya, na mako uku ya wadatar. Ta biyu, ƙashi ya karkata baya amma ɓangarensa na baya bai rabu ba, kamar ƙyauren da ya buɗe yana rataye da hinjinsa. Ta uku ta rabu gaba ɗaya. A 2006 aka ƙara ta huɗu, wadda guntun ke lilo gaba da baya ba abin da ya riƙe shi. Maganarmu a kan ta biyu zuwa sama take.

Gane ta ba wuya. Kumburi nan da nan, yaro ya tallabe hannun da ɗayan ya ƙi bari a taɓa, siffar hannun ta canja kamar an yi masa gwiwa biyu. Idan aka ga fatar gaban gwiwar ta lotsa ciki kamar an tsunkule ta daga ƙasa, ga kuma jini ya kwanta a wurin, to ƙashin ya huda tsoka ya zo ya kama fata. Wannan alama ce ta karaya mai tsanani.

Abin da za a yi a gida kaɗan ne, abin da za a bari ya fi yawa. Kada a ja hannun, kada a miƙe shi, kada a lanƙwasa shi don a rataya masa a wuya. A bar shi yadda aka same shi, galibi a ɗan tanƙware kaɗan. A samo kwali mai ƙarfi a naɗe shi kamar indararo, a shimfiɗa tawul ko zane a ciki, a kwantar da hannun daga hamata zuwa wuyan hannu, a ɗaure sama da ƙasa, ban da kan gwiwar. Ɗaurin ya zama sako-sako yadda yatsan babba zai shige ƙarƙashinsa. A cire zobe da awarwaro da agogo, da kambu ko laya idan akwai a damtse, domin da kumburi ya hau su ma ɗauri suke zama. Idan ƙashi ya huda fata, a rufe da tsumma mai tsabta kawai, kada a tura shi ciki, kada a barbaɗa komai.

Akwai wata al'ada tamu ta tausayi da ke jawo jinkiri, wato da yaro ya ji ciwo sai a haɗa masa shayi da burodi ko a sayo masa lemo don ya yi shiru. Maganin barcin tiyata yana bukatar ciki ba abinci na awa 6, ruwa zalla kuma awa 2, domin kada abin da ke ciki ya dawo ya shiga huhu. Kofin kunu ɗaya na iya ɗage aikin daga la'asar zuwa tsakar dare. Farasitamol dai a ba shi: miligiram 15 ga kowane kilo na nauyinsa. Yaro mai kilo 20 zai sha miligiram 300, wato mililita 12.5 na ruwan maganin da aka rubuta 120 cikin mililita 5 a jikin kwalbarsa. Kada a maimaita kafin awa 6.

Daga nan sai yatsu. Wannan duba ba sai likita ba, uwa ma za ta iya, kuma ya kamata a yi ta maimaita shi a hanya da bayan an isa asibiti. A kwatanta tafin hannun da ya karye da na lafiyayyen: launinsu ɗaya? Ɗuminsu ɗaya? A danna farce har ya yi fari a saki, jini ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Yarinyar da ta sha lalle farcenta ba zai nuna ba, sai a danna tsokar kan yatsa a wurin da lallen bai kama ba. A nemi bugun jini a wuyan hannu ta gefen babban yatsa. Sannan a ce yaron ya yi abu uku. Ya haɗa kan babban yatsa da kan manuni su yi zobe zagayayye; idan maimakon zobe suka manne a baje kamar mai ɗibar gishiri, reshen jijiyar motsa yatsu da ake kira jijiyar tsakiya ya taɓu, kuma ita ce ta fi taɓuwa a wannan karaya. Ya ɗaga babban yatsa sama. Ya ware yatsunsa duka ya haɗe su. Ukun nan jijiyoyi uku ne daban-daban. Yaro mai kuka ba ya son gwaji, amma idan aka mai da abin wasa, aka ce yi yadda Baba ya yi, yawanci yakan yi.

Sakamakon wannan duba shi ke yanke saurin da za a yi. Hannun da ya yi fari fat ko ya yi duhu, ya yi sanyi, ba bugun jini, aikinsa na wannan sa'a ne ko da ƙarfe biyun dare ne. Hannun da ke da ɗumi da launi amma ba a jin bugun, shi ma a gaggauta mai da ƙashin. Sau da yawa jijiyar lanƙwashewa ta yi kamar tiyon ruwa da aka taka, da an gyara ƙashin sai bugun ya dawo, amma a riƙe yaron ana dubawa kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda kuwa hannunsa ke da ɗumi da bugu, yatsu na motsi, ana iya barin aikinsa zuwa safiya. Sai dai a gadon asibiti zai kwana ana leƙa shi, ba a gida ba. A nan jihar akwai likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44 da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Hoto biyu ake ɗauka, na gaba da na gefe, kuma ya kamata ya haɗa har wuyan hannu, domin wani lokaci akwai karaya ta biyu a can wadda kukan gwiwa ya ɓoye. Karanta hoton gwiwar yaro sai wanda ya saba, saboda yawancin gaɓar guringuntsi ce, shi kuwa ba ya fita a hoto. Ƙananan ƙasusuwa shida ne ke tsirowa a cikinta ɗaya bayan ɗaya, wajen shekara 1, 3, 5, 7, 9 da 11. Wanda bai san jerin ba sai ya ɗauki ƙashi mai tsirowa a matsayin karaya, ko ya ɗauki ɓallen karaya a matsayin mai tsirowa. A hoton gefe, idan aka ja layi bisa gaban ƙashin damtse, ya kamata ya ratsa ɗan dunƙulen ƙashin da ke ƙasa. Idan layin ya wuce ta gabansa bai taɓa shi ba, karayar ta goce, siminti kaɗai ba zai yi ba.

Ga dalilin da ya sa ba zai yi ba, kuma nan ne zuciyar maganar. Idan aka mai da wannan ƙashi mazauninsa, ba ya zama sai an lanƙwasa gwiwar sosai, digiri 120 ko fiye, hannu ya kusa taɓa kafaɗa. To amma gwiwar da ta kumbura, idan aka naɗe ta haka, sai a matse jijiyar jini a kuma ƙara cunkoso cikin tsokokin sangalin hannu. Lanƙwasar da ke riƙe ƙashin ita ce ke shaƙe jinin. Idan kuma aka sassauta don jini ya wuce, ƙashin ya zame. Gaba kura, baya sayaki. Abin da ya raba wannan gardama shi ne siririyar wayar ƙarfe da ake kira wayar Kirschner, mai kaurin milimita 1.6 zuwa 2, kusan kaurin tsinken ashana. Da wayar ta riƙe ƙashin, sai a saki gwiwar ta huta.

Iyaye da yawa da sun ji an ce za a sa ƙarfe sai gabansu ya faɗi, don haka bari mu faɗi yadda ake yi. Ana sa yaro barci gaba ɗaya. Mataimaki ya riƙe damtse, likita ya kama sangalin hannu ya ja a hankali, gwiwar a ɗan tanƙware, ya riƙe jan na 'yan mintoci har tsoka ta saki. Idan fata ta lotsa, sai ya bi tsokar gaban damtse da yatsu daga sama zuwa ƙasa kamar mai tatsar nono, har ta zame daga kan kaifin ƙashin. Sannan ya gyara gocewar gefe, hagu ko dama, da karkata. Wannan mataki ne ba a tsallakewa, domin abin da aka bari a nan shi ke zama karkataccen hannu daga baya. Bayan haka ya ɗora babban yatsansa a kan tsinin gwiwa ta baya yana turawa gaba, yana naɗe hannun a lokaci guda, galibi tare da kifa tafin hannun. Idan ƙashi ya koma daidai, yatsun yaron za su kai kafaɗarsa ba turjiya. Idan suka tsaya a hanya, akwai saura, ko kuma wani abu ya shiga tsakanin ƙasusuwan. Ana tabbatarwa da na'urar hoto ta ɗakin tiyata da ake kira si-am, wadda ke nuna ƙashi nan take a allo.

Daga nan a harba wayoyin da injin huda ta cikin fata, ba tare da yanka ba, daga gefen waje na gwiwar. Biyu ga karaya ta biyu, uku ga ta uku. Sharaɗinsu shi ne su warwatsu kamar yatsun da aka ware, kowace ta ratsa karayar a wuri daban, ta kuma kama bangon ƙashi na can ɗaya gefen. Wayoyin da suka haɗu a wuri ɗaya daidai kan karayar tamkar ƙusa ɗaya ce, ƙashin zai juya a kanta. Wani lokaci dole a ƙara ɗaya ta gefen ciki. A nan ake taka-tsantsan, domin jijiyar nan da kan ba mutum zirr har ƙaramin yatsa idan ya buge gwiwarsa a nan take kwance. Sai a ɗan miƙe hannun, a yi ƙaramin yanka a kauda ita kafin a huda. A ƙarshe a lanƙwasa bakin wayoyin a wajen fata, a datse, a sa auduga, a yi rabin siminti ta baya, gwiwar ba ta kai kusurwar digiri 90 ba. Rabin siminti ake yi da gangan don kumburi ya sami wurin zuwa. A sake duba bugun jini kafin a fita da yaron.

Ana buɗewa da wuƙa ne idan an gwada sau biyu ko uku ƙashi ya ƙi komawa, ko ya huda fata, ko hannun ya ci gaba da sanyi bayan an gyara. Yawan gwaji da ƙarfi ƙara kumburi yake. Inda babu si-am, tsohuwar dabarar rataye hannu a miƙe da nauyi na mako biyu zuwa uku tana nan, kuma ta fi naɗe kumburarriyar gwiwa cikin siminti aminci nesa ba kusa ba.

Yanzu ga masifar da muka fi tsoro. Tsokokin sangalin hannu suna cikin wata jaka mai tauri wadda ba ta buɗuwa. Idan kumburi ya yi yawa a ciki, ko aka ɗaure ta waje, ƙananan hanyoyin jini sai su toshe, tsoka ta fara mutuwa. Awa 6 zuwa 8 sun isa a yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Tsokar da ta mutu tana zama tabo, tabon ya ƙanƙance ya janyo yatsu da wuyan hannu su ƙudundune kamar ƙafar shaho, hannun ya rame, ba riƙo ba ji. Wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana wannan tun 1881, kuma matsattsen ɗauri ya ɗora wa laifin. Alamominsa a yaro su ne ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, maganin da ya yi aiki ɗazu yanzu ya daina, yaro ya kasa kwanciya, yana firgita yana fizge-fizge. Idan aka miƙar masa da yatsa ɗaya a hankali sai ya ƙwalla ƙara. Sangalin ya yi tauri kamar ice. Kada a jira bugun jini ya ɓace, domin yakan kasance yana nan alhali tsoka na mutuwa. Abin yi shi ne a yanke duk abin da ke kan hannun har fata, bandeji ne ko siminti ko kara, a ajiye hannun daidai ƙirji, a garzaya. Idan bai sassauta ba, tiyata ce ta tsaga jakar tsokar a wannan sa'ar. Yaron da ya kwana yana kuka sannan da asuba ya yi shiru, yatsu sun daina ji, ba sauƙi ya samu ba.

Wannan ya kawo mu ga maɗora, kuma da girmamawa muke magana. Sana'a ce ta gado, jama'a sun yarda da su, suna kusa, ba sa tsawwala kuɗi, kuma akwai karaya da dama da ke warkewa a hannunsu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma gwiwar yaro daban take. Jeren karan da ake zagaye hannu da shi a ɗaure tam, a kan gaɓar da za ta ci gaba da kumbura har kwana biyu ko uku, shi ne ainihin abin da Volkmann ya kwatanta. A rana ta biyu yatsu sun cika sun yi sheƙi, a ta uku ƙuraje masu ruwa sun fito tsakanin kararen, daga nan sai baƙi da wari. Idan aka kai wannan matsayi, yanke hannu ne kaɗai ke ceton rai, sai labari ya bazu a unguwa cewa asibiti yanke hannu suke yi, na gaba ma ya ƙi zuwa da wuri. Murza da man kaɗe da gashi da ruwan zafi su ma suna da nasu: tsokar da ta yage idan aka dame ta sai ƙashi ya tsiro a cikinta, gwiwar ta ƙage. Tsaga kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, har da tetanos mai sarƙe haƙora. Roƙonmu ga maɗora shi ne, yaron da gwiwarsa ta canja siffa, ko yatsunsa suka kasa yin abu ukun nan, a sa masa kwali sako-sako a turo shi ranar. Ƙashin yaro yana fara kamawa cikin mako guda zuwa kwana goma. Bayan mako biyu ko uku ba ya komawa da ja, aikin da zai ƙare da waya biyu ya zama babbar tiyata.

Ana yawan cewa ai yaro ne, zai miƙe da girma. A wasu ƙasusuwan haka ne. A nan kuwa a'a, domin kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon da ƙashin damtse ke ƙarawa daga ɓangaren kafaɗa yake zuwa, ɓangaren gwiwa kashi 20 ne kawai. Wurin da ba ya girma sosai ba ya gyara kansa sosai, karkatar gefe da murɗewa kuwa ba sa gyaruwa sam. Lafiyayyen hannu idan aka miƙe shi tafi na kallon gaba, sangalin yakan ɗan kauce wa jiki da digiri 5 zuwa 15. Wanda ya haɗu a karkace sai ya juyo ciki, ya yi kama da gindin bindiga. Ba a lura da shi sai bayan watanni, lokacin da hannun ya fara miƙewa sosai. Yana aiki, amma abin tsokana ne a makaranta, kuma yana sa gefen gwiwar saurin sake karyewa. Ana gyara shi ta hanyar yanke ƙashin a daidaita, bayan motsin gaɓar ya dawo.

Bayan an sallami yaro, a ɗora hannun kan filo sama da ƙirji kwana biyun farko, a riƙa sa shi motsa yatsu. Kada siminti ya jiƙe. A wanke masa jiki da tsumma, wanda ya isa salla kuma malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri. Ƙaiƙayi zai zo, kada a bari ya zura tsinken tsintsiya ko biro. Zazzaɓi, wari, ruwa na tsattsafowa daga simintin, ko sabon ciwo bayan kwanaki na sauƙi, alamar bakin waya ya harbu ne, a dawo. Akan sake hoto wajen mako guda. A mako na uku zuwa na huɗu ake zare wayoyin a ɗakin duba marasa lafiya da filaya, ba barci ba ɗinki, kafin yaro ya gama buɗe baki ya yi kuka an gama. Barinsu su wuce haka don tsoro ko don rashin kuɗin mota shi ke kawo ruɓa, kuma ruɓar na iya gangarawa cikin gaɓa.

Ranar da aka cire siminti hannun ba zai miƙe ba, ba zai naɗe ba. Haka ya kamata ya kasance. A ƙyale yaro da wasansa da cin tuwonsa da sa rigarsa, yawancin motsin zai dawo cikin mako 6 zuwa 12, ragowar a hankali har shekara. Ba shi bokitin ruwa ko na yashi ya ɗauka don hannun ya miƙe, ko a danne shi a banƙare gwiwar yana ihu, garin neman gira ne a rasa ido, domin ƙagewa yake ƙarawa. Hawan bishiya da keke da ƙwallo su jira wata biyu zuwa uku daga ranar faɗuwa. Jijiyar motsi da ta taɓu galibi bugu ne ba tsinkewa ba, takan farfaɗo da kanta cikin wata biyu zuwa uku, wani lokaci har shida. Idan wata uku ya cika ba alamar motsi, a koma a bincika.

Akwai wata 'yar'uwar wannan karaya da ta fi ta yaudara, wato ɓallewar dunƙulen gefen waje na gwiwa. Kumburinta kaɗan ne, a gefe ɗaya, hannu bai canja siffa ba, a hoto kuma ɗan siririn ɓawo ake gani, alhali babban yanki ne na guringuntsi ya ɓalle har cikin gaɓa. Tsokoki na janta, ruwan gaɓa na shiga tsakani, don haka ita kam tana iya ƙin haɗuwa. Idan gocewarta ta wuce milimita 2 sai an kafe ta da waya. Idan ba ta kai ba, siminti na mako 4 zuwa 6, amma dole a sake hoto cikin mako na farko domin takan zame a cikin simintin. Wadda aka yi sakaci da ita, hannun yakan baje waje a hankali, bayan shekaru ƙaramin yatsa da na kusa da shi su fara mutuwa. Duk yaron da aka ce targaɗe ne amma bayan kwana uku bai yarda ya motsa gwiwar ba, a sake masa hoto.

Ga 'yan'uwanmu da ke ƙananan asibitoci da shagunan magani: da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada a gwada mai da ƙashin da allurar kashe zafi kawai, kada a zagaye sabuwar karaya da cikakken siminti. Rabin siminti ta baya, gwiwa a tanƙware kamar digiri 30, shi ne daidai. Ga ma'aikatar lafiya ta jiha kuma, kayan wannan aiki ba su da yawa: si-am mai aiki, injin huda, wayoyi, da mai ba da maganin barci da ya saba da yara. Samunsu a manyan asibitocin Kafanchan da Saminaka da Birnin Gwari zai rage wa yara doguwar tafiya da hannu mai sanyi. Muna kuma kira ga hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, wato KADCHMA, da shugabannin asibitoci su tsara yadda yaron da jini ya daina kai wa hannunsa zai shiga tiyata kafin a yi maganar kuɗi.

Wanda zai tura yaro gaba, ya rubuta abu biyar a takardar: ƙarfe nawa ya faɗi, ƙarfe nawa ya ci abinci na ƙarshe, launi da ɗumin hannun, akwai bugun jini ko babu, da abin da yatsun suka iya yi cikin ukun nan kafin a sa masa komai. Ya kuma buga waya can asibitin kafin mota ta tashi, domin a tabbatar akwai likitan ƙashi a bakin aiki.

Wassalam.

Naka,
Wasu likitocin ƙashi da ma'aikatan jinya,
Kaduna.